HUL'I

Hul'i, ko kuma khul'i, suna ne namiji daga Larabci, asalin ma'anarsa tuɓe tufa daga jiki. A istilahin malaman fiƙihu kuwa, shi ne rabuwar aure wadda mace ke nema da kanta, ta fanshi kanta da dukiya, galibi ta mayar wa miji sadakinsa, shi kuma ya sauwaƙe mata. Hujjarsa tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 229, da hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ba ta ga aibin addinin mijinta ba, zama da shi ne ya gagare ta, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta mayar masa da gonarsa.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita tun kafin zamanin Daular Usmaniyya, hul'i saki ɗaya ne ba'ini, wato miji ba shi da ikon kome a cikin idda, sai da yardarta, da sabon sadaki, da waliyyi da shaidu. Iddarta kuwa tsarki uku ne, ko haihuwa idan tana da juna biyu. Abin da ya kamata a lura da shi, domin mata da yawa sun cutu saboda rashin saninsa, shi ne idan ta tabbata gaban alƙali cewa cutarwar miji ce ta tilasta mata fansar kanta, to, sakin ya auku, dukiyarta kuma a mayar mata.

Misali: Ta sayar da akuyoyinta biyu ta yi hul'i.