Shaidar kuɗin guzuri: sharaɗin da ake gindaya wa masu yawon buɗe ido

Samun biza ba ya tabbatar wa matafiyi cewa zai shiga ƙasar da ya nufa. Jami'in shige da fice da ke bakin iyaka shi ke da hurumin yanke hukuncin ƙarshe, kuma daga cikin abubuwan da yake iya tambaya akwai shaidar cewa baƙo yana da guzurin da zai ishe shi ci da sha, masauki da komawa gida. Manufar ita ce hana baƙo yin aiki ba bisa izini ba, ko ya zama nauyi a kan gwamnatin ƙasar.

A yankin Shengen na Turai, sashe na 6 na dokar kan iyakoki ta shekarar 2016 ya sanya wannan sharaɗi, amma kowace ƙasa ce ke ƙayyade adadinta. Jamus na neman yuro 45 a kowace rana. Faransa na neman yuro 120 daga wanda bai kama otal ba, yuro 65 daga wanda ya kama, da yuro 32.50 daga wanda ke riƙe da takardar karɓar baƙo daga mai masaukinsa. Sifaniya kuwa ta ɗaura nata lissafin a kan mafi ƙarancin albashin ƙasar, kashi 10 cikin 100 a kowace rana, don haka adadin ke ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara albashi. Haka kuma, mai neman bizar Shengen dole ya mallaki inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Birtaniya ba ta ƙayyade wani adadi ba. Jami'anta kan auna kuɗin tafiyar da abin da mutum ke samu. Tailan kuma na neman bat 10,000 daga mutum ɗaya, ko 20,000 daga iyali, ga masu karɓar biza a tashar shiga.

Shaidar da aka fi amincewa da ita ita ce bayanin asusun banki na watanni 3 zuwa 6, sai katin banki, tsabar kuɗi, takardar albashi, ko wasiƙar wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Tarihin asusun yana da muhimmanci kamar yawan abin da ke ciki. Maƙudan kuɗin da suka shigo rana tsaka gab da neman biza, ba tare da bayanin tushensu ba, kan jawo zargin cewa aro aka yi.

Wanda ya kasa gamsar da jami'ai ana iya mayar da shi a jirgi na gaba, ya yi asarar kuɗin tikiti da na otal. Mai ɗauke da tsabar kuɗi kuma ya sani cewa Tarayyar Turai na wajabta bayyana duk abin da ya kai yuro 10,000 ga kwastan. Da yake adadin na sauyawa, ya kamata matafiyi ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar kafin ya sayi tikiti.