Daga Tikitin Abinci Zuwa Takardar Bashi

A da, duk ɗan Lafiya da ya ƙare sakandare kuma yake son ci gaba, ɗaure kaya yake yi ya bar gida. Zamanin Jihar Arewa, lokacin da garin yake ƙarƙashin Lardin Binuwai, Zariya ce alƙibla, musamman bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Fatakwal ya ratsa Makurɗi yakan tsaya a tashar Lafiya kafin ya nufi Kafanchan da Kaduna, kuma shi ne ya kwashi yawancin 'yan bokon farko na wannan yanki. Da aka yanka Jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan Filato a 1976, sai hanya ta karkata zuwa Jos, inda reshen Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1971 ya zama jami'a mai cin gashin kanta a 1975.

Waɗanda suka samu shiga ba su taka kara sun karya ba, amma wanda duk ya shiga an ɗauke wa ubansa nauyi. Gwamnatin Sardauna tana gaggawar samun 'yan Arewa da za su hau kujerun da Turawa ke bari, don haka sukolashif kusan jiran ɗalibi yake yi. Jihohin da suka gaje ta sun ci gaba a kan haka, ga kuɗin man fetur da ya kwararo bayan yaƙin basasa. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ɗalibi yana da gado a ɗakin kwana, yana da tikitin abinci. Ya yagi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, ya ɗauki faranti ya bi layi a kafteriya. Dattawan da suka ga wancan zamani har yau ba sa gajiya da labarin kazar ranar Lahadi, kuma idan suna bayarwa, jikokinsu kallon masu tatsuniya suke yi musu.

A kan wannan tikiti aka zubar da jini. A 1978 aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta san zancen ba, ta nemi a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. A watan Afrilu aka harbe ɗalibi a Legas, aka harbe wasu a Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Wanda ya ji kobo 50 a yau zai yi dariya, amma ɗaliban sun hango abin da ke tafe: gwamnati ta fara janye hannunta daga tukunya. Bayan shekara shida, a 1984, gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abincin baki ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira, ya ƙarasa abin da ya rage na alawus. Daga nan risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwana, masu sayar da abinci suka kafa rumfuna a bayan katanga.

Shi ma bashin karatu ba yau aka fara shi ba. Tun a 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. An ba da miliyoyi, abin da ya dawo bai kai ya kawo ba, domin babu hanyar bin wanda ya ci, kuma da yawa sun ɗauka rabonsu ne daga arzikin ƙasa. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi don ya gaji hukumar, shi kuma bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Abin da ya yi ƙarko daga wannan shekara wani ne daban: harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, wanda ya fito daga yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, lokacin shugabancin Attahiru Jega. Shi ne ya zama asusun TETFund a 2011. A lura da kyau, wannan kuɗi na gini ne da kayan aiki da ƙaro karatun malamai. Ba ya shiga aljihun ɗalibi.

A cikin wannan yanayi aka haifi Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996, Lafiya ta zama babban birni. Sabuwar jihar ta gaji Kwalejin Ilimi ta Akwanga, da Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin Nasarawa, amma ba ta da jami'a. 'Ya'yanta kuma, waɗanda jiya 'yan gida ne a Filato, suka wayi gari baƙi a makarantun waccan jiha. Gwamna Abdullahi Adamu ya sa hannu a dokar kafa jami'ar jiha a 2001, aka ajiye ta a Keffi, aka kai tsangayar aikin gona Shabu, a bakin Lafiya. A wannan tsakani ne kuma aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Lafiya, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Sarki Isa Mustapha Agwai I bayan rasuwarsa a 2019. Sai a 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa sababbin jami'o'in tarayya tara a jihohin da ba su da ita, Lafiya ta samu ɗaya, Farfesa Ekanem Braide ta zama shugabarta ta farko. Ta fara a matsuguni na wucin gadi kan hanyar Obi, kafin ta koma babban filinta a hanyar Makurɗi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Cikin shekara 15, garin da ba a iya samun digiri a cikinsa ya zama garin ɗalibai. Uban da ba zai taɓa yarda 'yarsa ta tafi Jos ko Zariya ba, ya yarda ta hau Keke Napep da safe ta dawo gida kafin magariba. Ɗan manomin doya daga Assakio ko mai riɗi daga Doma ya samu inda zai yi karatu ba tare da ya ƙetare jiha ba. Gine-ginen da ke ɗauke da tambarin TETFund suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda shi kansa yake fama da lalurar ji, ya ayyana karatu kyauta ga masu buƙata ta musamman, ya gina musu makaranta a Lafiya wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2018.

Sai dai makaranta ta matso kusa a daidai lokacin da hidimarta ta koma kan iyaye. A takarda har yanzu babu kuɗin koyarwa a jami'ar tarayya, amma akwai kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na asibiti, da na ɗakin karatu, da na karɓar gurbi, kowanne da rasidinsa. Gadajen kwana ba su isa ba, saboda haka ƙauyen Gandu da ke jikin jami'ar ya cika da gidajen haya, kamar yadda Ombi ta cika da ɗaliban kwalejin jiha. Ɗaki ɗaya, mutum uku ko huɗu, katifa biyu a ƙasa, ƙaramar tukunyar gas a lungu, bokitin garin rogo mai murfi, jarkar manja, da 'yan ƙwayoyin doya da aka aiko daga gida a motar kasuwa. Idan wata ya yi nisa doyar ta ƙare, sai a koma jiƙa gari da sukari, wani lokaci ba sukarin. Shi kuwa uba lissafinsa da kaka yake tafiya: ya sayar da riɗi ya biya rajista, ya jingine gona idan ta kama. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun sa an biya hayar ɗakunan da ba a kwana a ciki ba, kuma mai gida ba ruwansa da yaji.

Jiha tana da hukumar ba da tallafin karatu, kuma ɗalibai suna bin layi da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma don a sa sunansu. Ƙorafinsu, a nan da sauran jihohi, bai canza ba tun da daɗewa: kuɗin kaɗan ne, kuma ba a san ranar zuwansa ba.

Abubuwa biyu da suka faru a Keffi sun nuna inda gizo yake saƙar. A Fabrairun 2013 ɗaliban jami'ar jiha suka fito zanga-zanga saboda rashin ruwa da wuta, suka tare babbar hanya, jami'an tsaro suka zo, aka rasa rayukan ɗalibai, aka rufe makaranta. Bayan shekara 11 aka sake yin makoki a wuri guda. Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin komai ya tashi, jami'o'i da dama suka ninka kuɗin rajista. Gwamnatin Abdullahi Sule ta shirya rabon shinkafa da naira 5,000 ga ɗaliban manyan makarantun jihar. Da safiyar 22 ga Maris 2024, kafin a fara rabon a jami'ar Keffi, ɗalibai suka yi dafifi a wurin, aka yi turmutsitsi, ɗalibai mata biyu suka rasu, wasu da dama suka jikkata. An yi ta musu kan wa ke da laifi, masu shiri ko masu gaggawa. A ganina tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce yadda aka yi ɗalibin jami'a ya kai ga yin sammako a kan ƙaramin buhun shinkafa. Abinci a 1978, ruwa a 2013, abinci a 2024. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma duk manufar da aka tsara tun 1984 ta tsallake cikin ne ta tafi wajen gini.

Ƙasa da mako biyu bayan wannan rasuwa, ranar 3 ga Afrilun 2024, shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar bashin ɗalibai. Ta maye gurbin wadda ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, wadda ta zo da sharuɗɗan da suka kashe ta tun a zanin goyo. Tsohuwar dokar ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ina ɗan talakan Awe ko Keana zai samo lauya ya tsaya masa? Sabuwar dokar ta cire duka biyun, ta kafa asusun NELFUND, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayun 2024. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana ba ɗalibi naira 20,000 duk wata don hidimar kansa.

Bashin babu ruwa a kansa, kuma wannan ya sauƙaƙa wa iyaye Musulmi da ke gudun riba, har jihohin Arewa suka shiga gaba wajen nema. A Lafiya shagunan kwamfuta da ke ƙofar makarantu suka samu kasuwa. Ɗalibi ya zo da lambar JAMB, da ta katin ɗan ƙasa, da ta BVN, da takardar shaidar samun gurbi, a ɗora masa, ya koma yana duba waya kullum ko an amince. Naira 20,000 ba ta kai mutum ƙarshen wata a kasuwar yau, kuma akan yi kukan jinkiri, amma wannan ne karon farko cikin shekara 40 da gwamnatin tarayya ta sake amincewa, a rubuce, cewa ɗalibi yana cin abinci. Bambancin kawai shi ne kakansa an ba shi ne, shi kuwa an ranta masa.

An so ma a wuce nan. Ƙudurin gyaran haraji da aka kai majalisa a 2024 ya tanadi a daina ba TETFund kaso daga 2030, kuɗin ya koma asusun bashi. ASUU ta tayar da ƙayar baya, tana cewa za a rushe abin da ya gina makarantu irin na Lafiya don a mayar da ɗalibai mabarata bashi. A dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 an bar wa TETFund rabin sabon harajin da ya maye gurbin na ilimi, asusun bashi ya samu nasa kaso.

Abin da ya kayar da hukumar 1972 shi ne karɓo kuɗi, kuma nan ne ba a gwada sabon tsarin ba tukuna. Doka ta ce biya zai fara shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga albashi, mai sana'ar kansa kuma ya kai da hannunsa. Yanzu akwai lambar banki da ta katin ƙasa, waɗanda babu su zamanin Gowon, don haka ɓuya zai yi wuya. Amma cirewa daga albashi sai da albashin, kuma a Lafiya babban mai ɗaukar ma'aikata har yanzu gwamnati ce, ita kuma ba kullum take ɗauka ba. Yawancin masu digiri suna komawa gona, ko shago, ko koyarwa a makarantar kuɗi da albashin da bai kai mafi ƙarancin da doka ta yanka ba. Rukunin farko da suka ci bashin suna ajin ƙarshe a 2024, wa'adinsu ba zai cika ba sai wajen 2027 ko bayanta.