Jaz

jaz *suna, namiji.* Salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ya tsiro a New Orleans a farkon ƙarni na 20, inda ake shimfiɗa karin waƙa, sannan kowane makaɗi ya ƙaga nasa nan take.

Ana yawan ɗaukar jaz kiɗan baƙi, amma kunnen da ya saba da sarewar makiyaya a bakin Binuwai, daga Damare zuwa Jimeta, ba zai ji shi bare ba. Hujja ita ce Yusef Lateef, Musulmi mabushi ɗan Amurka, wanda ya zauna Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. A Legas ya naɗi faifansa *In Nigeria* a 1983 tare da makaɗan ƙasar nan. Wani zai ce ai kayan busar masu jaz na Turawa ne. Haka ne, sai dai kaya daban, salo daban: amsa-amo da ƙagen nan take tsofaffin al'adu ne a wurin makaɗanmu. Shi kansa Lateef bai so a kira kiɗansa jaz ba.