Bayan cire haƙori: yadda gurbi ke warkewa da matsalolin da kan biyo baya

Cire haƙori yana cikin ayyukan da likitocin haƙori suka fi yi a Arewacin Najeriya, domin da yawa ba sa zuwa asibiti sai ruɓa ta cinye haƙorin har ta kai ga jijiya, lokacin da ciko ba zai yi amfani ba. A Sakkwato, mazauna tsohon gari irin su Ƙofar Taramniya da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke kan nufi asibitocin gwamnatin jiha ko masu zaman kansu, idan kuma aikin ya yi nauyi a tura su sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Cirewar kanta kan ɗauki 'yan mintuna. Warkewar kuwa a gida take gudana, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta kammala.

Gudan jini shi ne tushen warkewa

Da zarar haƙori ya fita, jini kan cika ramin da saiwarsa ta bari, ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ke rufe ƙashi da ƙananan jijiyoyi daga iska da abinci da ƙwayoyin cutar baki, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. Shi ya sa likita ke ɗora auduga a kan gurbin ya ce a cije ta na tsawon minti 30 zuwa 45 ba tare da surutu ko leƙawa ba.

A kwana uku na farko kumburi kan ƙaru, ya kai ƙarshen girmansa tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan ya fara sacewa. Cikin mako na farko sabon nama mai laushi ke maye gurbin gudan jinin. Sau da yawa akan ga wani abu fari ko ruwan toka a saman ramin, mutum ya ɗauka mugunya ce ko guntun tuwo ya sa tsinke ya ƙwaƙule, alhali idan babu zafi ko wari, alamar warkewa ce. Dasashi kan rufe bakin ramin cikin mako uku zuwa huɗu. Ƙashin da ke ƙasa kuwa yana buƙatar wata uku zuwa shida kafin ya cike, kuma ba ya komawa yadda yake a da: wurin kan ɗan lotsa ya sirance, musamman a watanni ukun farko. Wannan ne dalilin da ya sa haƙorin roba da aka auna da wuri kan yi sako-sako daga baya.

Ranar farko

Duk abin da zai girgiza gudan jinin abin gudu ne a awa 24 na farko: kurkure baki da ƙarfi, yawan tofar da yawu, zuƙar lemo da tsinke, shan taba ko shisha, da taɓa wurin da harshe ko yatsa. Koko da kunu da shayi sai sun huce, domin zafi na buɗe hanyoyin jini. Fura da aka dama ta yi laushi, da nono, da dafaffen ƙwai, da tuwo mai taushi da miyar kuka sun dace, a tauna ta ɗaya ɓangaren. Goro da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da kilishi sai bayan kwanaki, saboda ɓurɓushinsu kan maƙale a ramin. Asuwaki da buroshi ana ci gaba da amfani da su a sauran haƙora, a kauce wa gurbin kawai.

Tambayar da ba ta wuce masu jinya a gari kamar Sakkwato ita ce ta alwala. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, don haka mai sabon rauni yana da sauƙi: yana iya sa ruwa a baki ya sunkuya ya bar shi ya zubo ba tare da ya wujijjiga shi ba. Mai azumi kuma ya kyautu ya gaya wa likita tun kafin a sa ranar aikin, saboda lokutan shan magani. A watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, mai dako da ɗan kabu-kabu da mai gini su huta a ranar, domin aikin ƙarfi a cikin rana na iya sake tayar da jini.

Daga rana ta biyu ake fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, musamman bayan cin abinci. Farasitamol da ibufurofen sun isa kashe zafi ga yawancin mutane, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada su sha ibufurofen sai da izinin likita. Asfirin na hana jini daskarewa, kuma al'adar ɗora ƙwayarsa a kan dasashi ƙona naman take yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba wajibi ba ne ga lafiyayyen mutum da aka cire wa haƙori cikin sauƙi, saboda haka sayen sa a kemis ba tare da takardar likita ba asarar kuɗi ce da haɗari.

Busasshen gurbi

Matsalar da ta fi yawa ita ce wadda likitoci ke kira busasshen gurbi, sunan da ya shiga littattafan likitanci tun 1896. Tana faruwa idan gudan jinin ya narke ko ya fita kafin sabon nama ya tsiro, ƙashi ya zauna a buɗe. Ana ganin ta a kimanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na cirewar yau da kullum, amma adadin kan ninka sau da yawa idan haƙorin hankali na ƙasa ne, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, musamman idan ya karkace a cikin ƙashi har sai da aka tsaga aka fito da shi.

Alamarta ba ta ɓuya. Mutum zai ji sauƙi a kwana ɗaya ko biyu na farko, sai a rana ta biyu zuwa ta huɗu wani zugi mai tsanani ya taso, ya haura kunne da gefen kai, maganin da ke hannu ya kasa kwantar da shi. Baki kan yi wari, ramin ya bayyana fanko. Yawanci babu zazzaɓi ko babban kumburi, kuma wannan ne ke bambanta ta da ƙurji. Masu shan taba, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda aka sha wahala wajen cire masa haƙori sun fi kamuwa. Maganinta a asibiti yake: likita ya wanke ramin ya cusa wani magani mai ɗauke da man kanumfari, zafin ya ragu cikin ɗan lokaci, ko da yake akan sake sa shi fiye da sau ɗaya. Wannan ba hujja ba ce ta cusa garin kanumfari ko garin taba ko kanwa a gida. Ruwan batir kuwa, da wasu ke ɗigawa a haƙori, guba ne da ke cinye nama.

Jini, ƙurji da jijiya

Yawu mai launin ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Idan jini na cika baki, sai a naɗe auduga ko tsaftataccen ƙyalle a cije na minti 30 a zaune. In bai tsaya ba bayan an maimaita, asibiti ya kama. Masu hawan jini, da masu shan wafarin ko wasu magungunan tsinka jini, da masu ciwon hanta sun fi fuskantar wannan, kuma bai halatta su dakatar da maganinsu da kansu ba. Mai ciwon suga rauninsa kan yi jinkirin warkewa, mai sikila kuma ƙashin muƙamuƙinsa ya fi saurin kamuwa da cuta. Haka wanda aka taɓa gasa wa ciwon daji a kai ko wuya, ko yake shan magungunan ƙarfafa ƙashi na rukunin bisfosfonet, ƙashinsa na iya mutuwa a gurbin. Duk waɗannan bayanai ne da ake faɗa wa likita kafin ya ɗauki allura.

Kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta uku, tare da zazzaɓi da mugunya, alamar ƙwayoyin cuta sun shiga ne. Mafi haɗari shi ne wanda ya sauka ƙarƙashin harshe da haɓa, ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, haɗiyar yawu ta gagara. Likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ne ya bayyana shi a 1836, kuma yawanci daga turamen haƙoran ƙasa yake tasowa. Yana iya toshe numfashi cikin awanni, don haka ba a jiran gari ya waye.

Idan dindiris a leɓen ƙasa ko haɓa ko gefen harshe ya wuce kwana ɗaya, mai yiwuwa an taɓa jijiyar da ke ratsa muƙamuƙi. Galibi tana farfaɗowa cikin makonni ko watanni, amma likita na buƙatar sani da wuri. A sama kuma, saiwoyin turame na kusa da kogon iska da ke gefen hanci. Idan aka sha ruwa ya fito ta hanci, ko iska ta riƙa ratsa ramin, to ƙofa ta buɗe tsakanin su, sai a daina fyace majina a koma asibiti.

Har yanzu akwai masu kai haƙorinsu wurin wanzami ko mai cirewa a kasuwa saboda araha. Haɗarin a nan shi ne karyewar saiwa a cikin ƙashi, da kayan aikin da ba a dafa ba, waɗanda kan yaɗa ciwon hanta nau'in B da cutar sarƙe-haƙora. Yaron da dasashinsa ke ruɓewa da wari, haƙoransa na girgiɗi, kuncinsa ya kumbura, ba cire haƙori yake buƙata ba. Wannan na iya zama farkon cutar noma mai zaizaye fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, shi ke kula da irin waɗannan yara.