Amsoshin Takardunku: Ina Asalin Kalmar "Bambaraƙwai" a Aikin Jarida?

Wannan makon mun sami takardu biyu masu tambaya iri ɗaya, ɗaya daga Tambuwal, ɗaya daga Kebbe. Na Tambuwal ya ce ya kan ji 'yan jarida na yawan cewa abu "bambaraƙwai", shin me suke nufi? Na Kebbe kuwa cewa ya yi, yabo ne ko zagi? To malamai, madalla da tambaya, sai a gyara zama.

Ita dai wannan kalma ba 'yan jarida suka ƙago ta ba. A bakin mutane suka tsince ta, cikin karin maganar nan: bambaraƙwai, namiji da suna Hajara. Wato abu ne ya zo ba a inda aka saba ganinsa ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita, Hausar jarida take tafiya da karin magana. Sashen Hausa na BBC ya biyo baya a 1957. Ta waɗannan ƙofofi ne maganar zaure da ta kasuwa ta shiga labarai.

Da ta shiga kuwa, sai ta rabu gida uku. Na farko shi ne mamaki kawai, kamar a ce saniya ta haifi maraƙi mai kai biyu. Nan ba a ci mutuncin kowa ba.

Na biyu shi ne ba'a. Za ku tuna a watan Fabrairun 2018, wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na ofis. Ɗan jaridar da ya kira wannan bambaraƙwai, ai cewa yake bai yarda ba, amma bai fito fili ya ce ƙarya ce ba, don kada a kai shi kotu.

Na uku shi ne mai haɗari, kuma misalinsa na gida ne. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal tun 2003, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011. Ranar 28 ga Oktoban 2014 ya bar PDP ya koma APC, yana bisa kujerarsa. Ranar 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa, aka ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofa. To a nan wanne ne bambaraƙwai? A wurin ɗan PDP, shi ne ɗan adawa ya riƙe kujerar Kakaki. A wurin ɗan APC kuwa, shi ne a hana Kakaki shiga majalisarsa. Kun ga ke nan duk wanda ya ɗora kalmar a kan ɗayan, ya riga ya ɗauki ɓangare, ko da bai faɗa ba.

Su ma Turawa suna da irin ta, wato "gonzo". A 1970 wani ɗan jaridar Amurka, Hunter S. Thompson, ya tafi ɗauko rahoton sukuwar dawaki ta Kentucky, sai ya ɓuge da ba da labarin kansa da na 'yan kallo masu maye. Abokinsa Bill Cardoso ya kira rubutun "gonzo". Daga nan kalmar ta zama sunan salon da ɗan jarida ke sa kansa tsakiyar labari. Tasu ta zama taken sana'a, tamu kuwa ta tsaya a matsayin hukunci.

Saboda haka malam na Kebbe, amsarka ita ce: ya danganta da bakin da ta fito. In ka ji an ce abu bambaraƙwai ne, ka tambaya, a wurin wa? Aikinmu mu kawo muku abin da ya faru, hukunci kuwa naku ne.