Bashin Layin Dogo da Faɗuwar Daular Qing

Ɗalibin da ya taso a Wambai, cikin Suleja, ya san ƙasar Sin tun kafin ya taka jami'a. Kamfanin CCECC ne ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma da rancen bankin Exim na Sin aka gina madatsar Zungeru mai megawat 700 a jiharsa ta Neja. Don haka nake ganin kuskure ne malami ya fara masa tarihin juyin juya halin Sin daga Mao Zedong da shekarar 1949. Saiwar al'amarin tana can baya, lokacin da Sin ce ke cin bashi.

Bayan Yaƙin Opium, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta miƙa Hong Kong ga Ingila. Daga 1863, Bature Robert Hart ya shugabanci hukumar kwastan ta daular Qing, kuma da kuɗin shigarta aka riƙa jinginar basussuka, har da diyyar tael miliyan 450 da aka ɗora wa ƙasar a 1901. A watan Mayun 1911 fadar ta ƙwace layukan dogon da jama'ar larduna suka zuba wa hannun jari, ta karɓi rance daga bankunan Ingila, Faransa, Jamus da Amurka. Mutanen Sichuan suka tayar da ƙayar baya. Aka kwashi sojoji daga Hubei don murƙushe su, sai bore ya ɓarke a Wuchang ranar 10 ga Oktoba. A Fabrairun 1912 sarki ya sauka.

Sai dai masu juyin ma ba su rabu da hannun baƙi ba. Wakilan Kwamintan, ƙungiyar kwaminisanci ta duniya, sun halarci kafa Jam'iyyar Kwaminis a Shanghai a 1921, kuma da makaman Tarayyar Sobiyat jagoran juyin, Sun Yat-sen, ya buɗe makarantar soja ta Whampoa a 1924. Tambayar da ta dace da aji ita ce: wa ya karɓa, bisa wane sharaɗi, wa ya biya?

Amsarta tana buƙatar madogara, kuma Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, musamman ta bakin Yusufu Bala Usman, ya koya mana tuhumar kowace madogara. Rediyon Sin yana magana da Hausa tun 1963, amma muryar gwamnati ce. Littattafan Turawa kuwa da tasu manufar. Cibiyoyin Confucius na farko a Najeriya, masu koyar da Sinanci, suna Legas da Awka, nesa da Suleja, alhali ɗalibin da zai karanta takardun Sichuan da idonsa sai ya iya Sinanci.