Da Wane Hali Aka Nemi Ƙuri'armu? Waiwaye Daga 1951 Zuwa Yau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin gangamin siyasa a ƙasar Hausa ya san ba a cika tambayar ɗan takara abin da ke cikin kundin manufofin jam'iyyarsa ba. Abin da jama'a ke son ji shi ne ɗan wane ne shi, kuma yaya halinsa yake. Su ma 'yan takara sun daɗe da fahimtar haka, shi ya sa kowane ɗayansu yake zuwa da wata ɗabi'a da yake so a san shi da ita: wannan mai gaskiya ne, wancan mai tsoron Allah, wani kuma mai kyauta ko mai kishin talaka. Mu da muke zaune a birane wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin idan zaɓe ya ƙarato, sau da yawa mu ne iyaye da ƙanne suke bugo wa waya daga gida suna tambayar wanda ya cancanta. Saboda haka yana da kyau mu waiwaya mu duba irin halayen da aka yi ta tallata wa kakanninmu da iyayenmu, da kuma irin shaidar da aka ba su a kan kowane hali.

Siyasar jam'iyyu ta kankama a Arewa ne a farkon shekarun 1950. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ko daga kalmar da kowane ɓangare yake gaisawa da ita a taro, ana iya gane halin da yake taƙama da shi. 'Yan NPC suna cewa "Salama", 'yan NEPU suna cewa "Sawaba". Na farko yana yi wa jama'a alkawarin zaman lafiya a ƙarƙashin tsarin da aka gada, na biyu kuma yana yi musu alkawarin sauƙi daga wahalar da wannan tsarin ya ɗora musu.

Jarin NPC shi ne asali da dattaku. Shugabanta, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma bai taɓa ɓoye alfaharinsa da wannan nasaba ba. Taken gwamnatinsa "Aiki da Ibada" ne. An san shi da kwarjini da yawan kyauta, kuma da damar zuwa Legas ta samu, ya zaɓi ya ci gaba da zama Firimiya a Kaduna, ya bar mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista a 1957. Shi kuwa Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makaranta ne wanda ba daga gidan sarauta ya fito ba, kuma abin da aka fi yabonsa da shi shi ne natsuwa da auna magana kafin furta ta. A kan wannan ma'auni na biyayya da kunya 'yan NPC suke auna abokan hamayyarsu. Sukan da suka fi yi wa 'yan NEPU shi ne cewa fitsararru ne, ba sa ganin girman na gaba, kuma sun haɗa kai da mutanen Kudu, saboda ƙawancen da suka ƙulla da NCNC.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, NEPU ba ta bar wa NPC filin addini ba. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, masani a fannin tafsiri, kuma da ilimin nan ya yi ta mayar da martani. Hujjarsa ita ce, Shehu Usmanu ya yi jihadi ne a kan zaluncin masu mulki, kuma a cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa harajin da sarakunan Haɓe suke ƙaƙaba wa talakawa, har da jangali, cikin abubuwan da ya soka. To, ga shi jikokin masu jihadi suna karɓar jangalin. Da haka ɓangarorin biyu suka zama suna jayayya a kan gadon mutum ɗaya: wasu sun riƙe jininsa, wasu sun riƙe karantarwarsa. A ganina wannan ita ce muhawara mafi zurfi da aka taɓa yi a siyasar Arewa, kuma a kasuwanni da zaurukan gidaje aka yi ta, a gaban mutanen da akasarinsu ba su taɓa shiga ajin boko ba.

Amma abin da ya sa talaka ya yarda da kishin da 'yan NEPU suke iƙirari shi ne ya ga abin da suka rasa a dalilinsa. Malam Aminu ya ajiye aikinsa na koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru a 1950, a lokacin da albashin malami abu ne da ake yi wa mutum barka da shi. Magoya bayan jam'iyyar a garuruwa da ƙauyuka sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarakuna ko yin taro ba izini, wasu an raba su da gonakinsu, wasu an tilasta musu barin garinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama, alhali a lokacin matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa, sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu. Mutumin da ya ɗaga hannu ya ce "Sawaba" a gaban dogarin hakimi ya san abin da zai biyo baya, kuma masu kallo su ma sun sani.

Wannan sadaukarwa ba ta kai su ga mulki ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe na hawa-hawa, inda wakilai ke zaɓen wasu wakilan, ya tace su kafin a kai majalisa. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312, NEPU kuwa 8 kacal. Sai dai adalci ne a faɗa cewa a wani fanni guda shugabannin ɓangarorin biyu sun yi tarayya: da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966, ba a same su da tarin dukiyar da ta dace da girman muƙamansu ba. Shi ma Malam Aminu, bayan ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, gidansa na Gwammaja ya koma, a nan kuma aka binne shi da ya rasu a watan Afrilun 1983. Gidan ne ake kira Mambayya a yanzu, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

Jamhuriya ta Biyu ta zo da tsofaffin halayen nan cikin sababbin riguna. NPN mai alamar gida da masara ta gaji kirarin zaman lafiya, ta kuma tsayar da Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, wanda aka gabatar a matsayin mai haƙuri da tawali'u, har ana yawan faɗin cewa kujerar sanata ya so nema, jam'iyya ce ta matsa masa. PRP mai alamar mabuɗi ta gaji NEPU. Sabon abu shi ne wanda Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya kawo, wato "siyasa ba da gaba ba". Wanda bai san dukan da aka sha a Jamhuriya ta Farko ba zai ɗauki wannan a matsayin magana mai daɗi kawai, amma ga waɗanda aka raba aurensu ko aka ƙona musu rumbu saboda bambancin jam'iyya, alkawari ne mai nauyi. Jam'iyyarsa ta ci gwamnonin Borno da Gongola a 1979.

A wannan karon ne aka sami damar gwada kishin talaka a kan kujerar mulki. Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali jim kaɗan bayan hawansu a 1979, wato sun cika alkawarin da NEPU ta yi kusan shekara talatin tana ɗauke da shi. Balarabe Musa ya ƙi sasantawa da majalisar jiha da NPN ke da rinjaye a cikinta, bai iya kafa majalisar kwamishinoni ba, kuma a watan Yunin 1981 aka tsige shi. Har yau ana saɓani a kan ko tsayuwa ce a kan aƙida ko taurin kai, amma ba wanda ya ce bai biya farashin abin da ya faɗa ba. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da cin amanar talaka.

Zaɓen 1993 ya nuna cewa kyauta ma hali ce da ke cin ƙuri'a. Cif Moshood Abiola, wanda ya shafe shekaru yana ba da gudummawa ga masallatai da makarantu a sassan ƙasar nan, ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofa ɗin, kafin sojoji su soke zaɓen. Bayan dawowar mulkin farar hula kuma, ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 ya sa tsoron Allah ya zama babban abin tinƙaho a fagen kamfe, har jihohi 11 suka bi sahun Zamfara. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau, wanda aka fi sani da aikin koyarwa da harkar addini, ya kayar da gwamna mai ci a Kano. Daga wannan zamani ne aka fara ganin hotunan 'yan takara riƙe da carbi, kuma nan ne aka fara samun wahalar tantancewa, domin carbi da rawani a kasuwa ake sayen su.

Kalmar da ta mamaye shekarun da suka biyo baya ita ce gaskiya. Janar Muhammadu Buhari ya tsaya takara a 2003 da 2007 da 2011 bai yi nasara ba, sai a 2015. A tsawon wannan lokaci laƙabin "Mai Gaskiya" ne ya riƙe masa miliyoyin magoya baya, kuma shaidar da ake kafawa ita ce ya riƙe ma'aikatar man fetur, ya shugabanci ƙasa, ya jagoranci asusun PTF, amma ba a san shi da ƙasaitacciyar dukiya ba. Talakawa sun yi ta kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'unsu saboda wannan suna. Shekaru takwas na mulkinsa sun bar mana tambayar da masu tarihi za su daɗe suna juyawa, musamman bayan rasuwarsa a watan Yulin 2025. A zamaninsa ne aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta jiharsa ta Katsina a watan Disambar 2020, kuma an gurfanar da wasu manyan jami'an gwamnatinsa a kotu bisa tuhumar almundahana. Da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓe shi ba su daina ganin shi kansa mai tsabtar hannu ba ne. Abin da suka gano shi ne, tsabtar hannun mutum ɗaya ba ta tsare hanyar Birnin Gwari. Haka kuma 'yan takara da dama sun haye kujeru a 2015 ta hanyar liƙa hotonsu a jikin nasa, ba tare da kowa ya bincika nasu halin ba.

Akwai mutum ɗaya a wannan zamani da ya kawo shaida irin wadda za a iya riƙewa a hannu, shi ne marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda a ƙuruciyarsa ɗan PRP ne duk da cewa gidansu na sarauta ne. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su rubuta kadarorinsu su miƙa wa hukumar ɗa'ar ma'aikata, amma bai tilasta musu su nuna wa jama'a ba, don haka akasari takardun a cikin durowa suke ƙarewa. 'Yar'aduwa ya bayyana nasa a fili da ya zama gwamnan Katsina a 1999, ya sake yin haka da ya zama shugaban ƙasa a 2007. A jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu, 2007, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, sannan ya kafa kwamitin gyaran dokokin zaɓe a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disambar 2008. Ɗaya daga cikin manyan shawarwarinsa ita ce a cire naɗa shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, kuma majalisar ministocin 'Yar'aduwan ce da kanta ta ƙi amincewa da wannan shawara a 2009.